Ku Mayar Mini Da Angona Bakin Raga

Zuwa ga Ustaz Abdulhadi, shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta kulliyar jikana da ke Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da hidima. Yaya iyali, yaya ƙafar Hajiya mahaifiyarka? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ni ce Hajiya Gambo ta unguwar Utaibiyya a Makka, kakar Mu'azu mai tsaron ragarku. Na ce a buga wannan takarda a fili, domin abin da ya kawo ni a fili aka yi shi. Da Hausa kuma na rubuto, kada ka ce mini ta yi maka nauyi. Na san ka a unguwar Misfala tun kana yawo da riga babu wando, kuma in uwarka ta ɗaga muciya ta kira sunanka, ba a taɓa neman tafinta ba.

Kafin wani ya ce me tsohuwa ta sani, bari in gabatar da kaina. Ranar da Mu'azu ya ce mini zai yi wasa a kan ƙanƙara, dariya na yi har na ƙware. Na ce a garin da kwalta ke kama takalmin mutum da azahar? Zuwana na farko da silifa na je da 'yar abaya sharara, 'yan haƙoran da suka rage mini suka yi ta gaisawa da juna har aka tashi. Tun daga nan nake zuwa da bargo da safa da tulun shayi, kuma ban cika fashi ba sai in ƙafa ta hana. Tsohuwar nan da kuke gani a layin gaba tana yi wa alƙalin wasa faɗa, ni ce. Saboda haka ni ma mai goyon baya ce, ina da bakin magana.

Na ɗaya, maganar rashin zuwansa sansanin horo. Kun rubuta a zaurenku na waya cewa ya gudu ya bar ƙungiya don kwaɗayin aikin Hajji. Ustaz, in wasu ba su sani ba, kai ka sani. A gidanmu namiji ba ya barin Makka lokacin mausim, wato lokacin Hajji. Kakan kakansa da ƙafa ya iso garin nan, kuma tun daga kansa duk ɗan da ya tasa sai ya fita Mina ya yi wa baƙin Allah hidima. Wani ya yi jagora, wani ya ɗauki kaya. Mu'azu arabiya yake turawa, keken nan na tsofaffi da marasa ƙafa, daga tanti zuwa wajen jifa ya dawo, yana lallashinsu da Hausar da ku kuke ɓoyewa. Ba shi ya sa sansanin ya faɗo a watan Zulhajji ba. Ya je ya gaya wa kocinsu tun da wuri, koci ya ce ya amince. Ya dawo gida tafin ƙafarsa duk ya ɗuri ruwa, ni na gasa masa da hannuna. Wanda ya gudu daga wahala ba haka ƙafarsa take ba.

Na biyu, wasan farko bayan hutu, wanda aka zura mana biyar. Ban ce bai yi laifi ba. Ta biyu laifinsa ce, ta tsakanin ƙafafunsa baƙar wainar nan da suke bugawa a matsayin ƙwallo ta wuce, na kuwa gaya masa a mota cewa ko ni da zanina da na tare ta. Amma sauran fa? Ina 'yan bayan da aka ajiye su kare shi? Dogon nan mai lamba bakwai, wanda kuke yi wa kirari, in ya samu wainar sai ka ce gādon ubansa ce, ba ya ba kowa sai an ƙwace. Ɗayan kuma, mai jan takalmi, rabin wasan a kwance yake yin sa, har na ce ko a kawo masa matashi. Duk suka tafi gaba neman suna, suka bar yaro shi kaɗai da mutum biyu, wani lokacin uku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da aka tashi babu wanda kuka ga laifinsa sai wanda ya tsaya a inda aka ajiye shi.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Ƙanwarsa Zainab ta nuna mini hoton da aka haɗa aka saka a zaurenku. An cire gorar da ke hannunsa, an sa masa arabiya, aka rubuta a ƙasa wai ya koma sana'ar gidansu. Wani yaro da ban sani ba ya ƙara da kalmar nan da ake jifan baƙar fata da ita a garin nan tun muna 'yan mata. Ba zan rubuta ta ba, ka san ta, an kira ubanka da ita a kasuwa ina tsaye. Yara ne, yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taka. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yar fuskar dariyar nan da aka manna a ƙarƙashin hoton, da sunanka a jikinta. Na sa Zainab ta ƙara girmanta har sau biyu, ina fatan idona ne. Ba idona ba ne.

To, ina tambaya. Ranar da Hajiyarka ta yi Umara bara, da ƙafar nan tata, a kan me ta yi ɗawafi? Ni dai na san ba a kan ƙanƙara ta zame ba. Ɗan wani ne ya tura ta, ta kuma sa masa albarka.

Ga abin da dariyar ta haifar. Mu'azu ya ɗora jakar kayan wasansa a kan kabad, bai ƙara duban ta ba. Yana zuwa karatu, yana dawowa, ya rufe ƙofa. Tun yana rarrafe nake kiransa angona, shi kuma bai taɓa barin ta ta wuce ba. In na ce ango yau babu cefane, sai ya ce ai ya sake ni tun jiya, mace babu haƙori me zai yi da ita. In na ce na samu wani miji mai mota, ya ce Allah ya ba mutumin haƙuri. Shekaranjiya na tare shi a bakin ƙofa na ce ko ya yi sabuwar amarya ne ya daina kula ni. Ya sunkuyo ya sumbaci kaina, ya kira ni kaka da Larabci, ya ce, "Sitti, halas, ki bar ni." Ya wuce. Ustaz, na binne miji, na binne ɗa. Na san irin shirun da ke shiga gida ya ƙi fita, kuma ba na son wannan.

Koci ya kira ubansa ya ce ranar Alhamis mai zuwa za a rufe sunayen 'yan wasan bana. Wanda bai zo horo ran nan ba, babu shi. Ya ce shi yana son yaron, amma ba zai ɗauko shi a kā ba.

Na huɗu, tunda kowa na faɗin ra'ayinsa a kan makomar ƙungiya, ga nawa. Kuna cewa a sa Rayyan a raga a huta. Rayyan yaron kirki ne, yana shan shayina, yana da saurin hannu, nan da baɗi ko baɗin baɗaɗa zai yi kyau. Amma har yanzu in wainar ta taso masa da ƙarfi, ido yake rufewa, na gani daga inda nake zaune. Ku jefa shi yanzu a bayan waɗannan 'yan bayan, a ci shi bakwai, sai ku haɗa masa nasa hoton. Daga nan kuma wa za ku sa? Yaran da suka iya tsayuwa a kan takalmi mai wuƙa a ƙasar nan ba su cika mota biyu ba. Ƙungiyar da ke cinye mai tsaron ragarta duk ranar da aka ci ta, ba ta da gobe. In kuwa an koya wa Dogo miƙa waina, aka bar yaran biyu suna karɓa-karɓa a raga, ina ganin bana ba za mu ji kunya ba. Kofi dai ban yi muku alkawari ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A goge hoton nan. Ka rubuta da hannunka, a inda ka yi dariyar, cewa ba daidai ba ne, kuma da izini ya tafi Mina. Yaron da ya rubuta waccan kalma, ban ce a kore shi ba, a zaunar da shi a gaya masa su waye suka yi dakon duwatsun unguwar da yake kwana. Sannan ka tako da ƙafarka zuwa Utaibiyya kafin Alhamis. Ka san gidan, ka sha cin ɗanwake a cikinsa. Ba ni za ka ba haƙuri ba, ɗakin yaron yana hannun hagu. Sannan baɗi, in za a sa ranar sansani, wani ya duba watan Musulunci tukuna.

Na sa an sauko mini da jakar daga kan kabad, don ni ba na iya ɗaga ta. Na wanke kayan ciki, waɗanda warinsu ya isa ya kori aljani, na shanya su a soro, na mayar na ajiye ta a bakin ƙofa inda sai ya tsallake ta zai fita. Yau da safe ya tsallake, amma ya ɗan tsaya. Ranar Alhamis, in Allah ya kai mu, zan zo Jidda da bargona. In jakar ta zo a kafaɗar mai ita, alhamdulillahi, shayinka yana nan. In kuwa a bayan mota aka kawo ta, to zan sa a ɗora ta a kujerar da ke kusa da taka, mu zauna mu uku, duk wanda ya tambaya ta wace ce, kai za ka ba shi amsa.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya tsare 'ya'yanka daga bakin mutane. Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan tafe duba ta.

Wassalam.

Uwarka,
Hajiya Gambo, kakar mai tsaron raga,
Utaibiyya, Makka.