Rantsuwar Malam Aminullahi

Birnin Kudu, Litinin

Goggo Azumi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Baba da mutanen Kwandiko. Na rubuto ne don wayarki kullum a hannun jama'a take.

Albishirinki! Makarantarmu ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar mata zalla a Koriya ta Kudu, za su riƙa musayar ɗalibai. Mu biyu aka zaɓa mu yi shekara guda a can, ni da Rebeka Bernard. Saura fasfo kawai. Don Allah ki duba adakar Baba ki aiko min da takardar haihuwata. Ranar Juma'a ta sama za a rufe karɓa.

Taki, Mansura

Kwandiko, Laraba

Mansura,

Muna lafiya, ciwon kaina ya fi na bara sauƙi. Koriya! Ke da ko Kano kika je sai kin yi amai a mota.

Ga takardar nan, amma ki zauna kafin ki buɗe. Takardun makarantarki duk Mansura Aminullahi suke cewa, wannan kuwa Mansura Jafaru. Jafaru ƙanenmu ne, shi ya haife ki. Ya rasu kina wata huɗu, da aka yaye ki yayanmu Aminullahi ya ɗauke ki, tunda Allah bai ba shi haihuwa ba. Ya hana kowa faɗa miki. Ki yafe mana.

Goggonki

Birnin Kudu, Asabar

Goggo,

Ina gaida ki. Ki kwantar da hankalinki, na sani. Tun ina aji huɗu na ji mata suna maganar a bakin rijiya. Shekara goma sha biyu ina ɓoye wa Baba cewa na sani, don na ga yadda yake washe baki in an ce na ɗebo hancinsa.

Na kai takardun. An ce sunaye biyu ba za su wuce ba, sai wanda ya riƙe ni ya je kotu ya rantse cewa riƙona ya yi, ba shi ya haife ni ba. Mutanen Koriya ba su san riƙo ba, takarda suka sani.

Goggo, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, gurbina ya tafi. In na yi magana, na sa tsoho ya tsaya gaban alƙali ya cire ni daga jikinsa da bakinsa. Rebeka har ta sayi rigar sanyi. Na haƙura. Kada ki gaya masa komai, zan ce jarrabawa na faɗi.

Taki, Mansura

Kwandiko, Talata

Mansura,

Assalamu alaikum. Azumi ba ta iya riƙe kuka ba, na karɓe wasiƙar na karanta.

Yau na je kotu a Gwaram. Alƙali ya tambaye ni sau biyu ko ni na haife ki, sau biyu na amsa. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa faɗar abin da ya yi min ɗaci haka ba. Takardar rantsuwar tana hannun direban da ya kawo wannan.

Kada ki kuskura ki yi min ƙaryar faɗuwa jarrabawa, ban rene ki a kan haka ba. An ce ƙasar akwai sanyi. Ki rufe ƙirjinki, tun kina goye ba ya son iska.

Allah ya tsare hanya.

Aminullahi