Waƙa ta Tara

Ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko bayan zafin bazara,

Yau wata biyar da aka fita da kai daga gidanmu na Mirpur. Na gama takaba, amma zuciyata ba ta gama ba.

Shajal, mai gangar ƙungiyarku, ya kawo mini faifanku na biyar, wanda ka rera a lokacin da ciwo ke cin maƙogwaronka. Ya ce, "Matar Yaya, kin san doka. Sai alƙalin kicin ya saurara." Ya yi dariya, sai ya juya ya goge ido.

Ka tuna mafarin dokar? Faifanku na farko, da kuka ɗauka a ɗakin da kuka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai don tare ƙara, ka sa shi a tsohuwar rediyona ina suyar kifi. Ka ce waƙar da ta fi ƙarfin ƙarar mai za ta fi ƙarfin titunan Dhaka. Na ce jitar nan kamar ana jan kwano a kan siminti. Ka yi fushin kwana biyu, sannan ka gyara. Me na sani game da kiɗan rok, ni da na tsaya a aji shida? Amma faifai na biyu, da mutane suka ƙi, da na uku, da ya cika muku filaye, da na huɗu, duk ta gaban murhuna suka bi.

Mako uku ke nan na kasa kunna wannan. Su suna jira, masoyanka suna jira. Ni kuwa, rabin raina, muddin ban ji ba, akwai sauran maganar da ba ka faɗa mini ba tukuna. In na ji ta ƙare, wa zai ƙara ce mini wani sabon abu da muryarka? Kogi yakan janye ya dawo da damina. Kai fa?

Ga abin da na yanke, ka yafe mini son kai. Waƙoƙi tara ne. Gobe zan ɗora mai a wuta, in saurari takwas, in faɗa musu gaskiya kamar kullum, su fitar wa duniya. Ta tara zan roƙe su su bar mini ita a rufe. Sai na tsufa, na ji tafiya ta matso, zan kunna, ka raka ni.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Taka, da ba za ta zama ta kowa ba bayanka,
Mahfuza