Teburin Agogon Baba

Litinin

Baban Kumatu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, aikin gadar kuma bai ramar min da kai ba. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Direban da ke kai muku siminti ya ce da azahar zai tashi, shi ya sa za ka ga rubutun a karkace.

Ƴarka ta fara tafiya. Ba irin ta dafa bango da ka bari ba, tafiya sosai, har da gudu in ta hango ni da cokali. Kuma duk abin da ta tsinta sai baki. Shekaranjiya na zaro murfin biro daga kuncinta, jiya guntun sabulu.

Na yi abin da nas ta ce mana ranar awo. Na durƙusa na rarrafe gidan nan kaf, ɗaki ɗaki, don in ga abin da Kumatu ke gani. Da ka shigo a lokacin, da ka ce matarka ta zautu. Na ɗaure ƙofofin kabad da tsumma, na mai da kananzir da ruwan wankin banɗaki can sama, magunguna kuma na kulle su a akwatinka. Soket biyun falo na jingina musu kujera. Bokiti ba ya zama da ruwa yanzu, da na gama sai in kife shi. Kafinta ma ya zo ya goge kusurwoyin tebur, ya yi wa ƙofar kicin guntun ƙyaure.

Abu ɗaya ya rage, ka kuma san shi: teburin Baba.

Da za ka tafi ka ce ni zan yi masa magana, tunda mahaifina ne. To ban yi ba. Tun da aka rushe layin shagunansu ya dawo wurinmu, teburin gyaran agogon nan ne kawai ke tashinsa da safe. Har yanzu tsofaffin abokan cinikinsa suna biyo shi gida. Ka san yadda yake aiki. In hannuwansa biyu suna kan agogo, sai ya maƙale ɗan batir a leɓensa, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Matattun kuma a farantin shayi yake tara su, a bakin tebur. Kumatu kuwa tana kan cinyarsa, ta zuba wa bakinsa ido.

Sau uku ina zama kusa da shi da niyyar magana, bakina ya yi nauyi. Mutumin da ya rasa shago ya rasa Inna a shekara ɗaya, ni ce zan ce masa ya kwashe kayansa daga falo? Ɗakinsa ba shi da hasken da zai yi aiki. Sai na koma share ƙarƙashin teburin sau huɗu a rana, ina ƙirga baturan farantin a ɓoye. Yau bakwai ne. Ko wanka na shiga, a gurguje nake fitowa.

Kada ka yi fushi da ni. Zan samu bakin magana cikin makon nan, da yardar Allah. Ka riƙa cin abinci.

Taka,
Maman Kumatu

Alhamis, daga asibiti

Baban Kumatu,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba. Kumatu tana raye, wannan nake so ka fara sani.

Da hantsi na bar ta wurin Baba na fita shanya. Da na dawo na same ta a tsakar ɗakinmu tana tari, yawu na zuba har gaban rigarta. Na ba ta nono ta ƙi. Na ba ta ruwa, ta kurɓa, ya dawo. Ba zazzaɓi, ba kuka sosai, sai kai hannu wuya da take yi. Na ruga wurin farantin na ƙirga. Shida. Na sake ƙirgawa, shida.

Maƙwabciyarmu ta ce in ɗura mata mai in jira, wai nata yaran har dutse sun haɗiye ya fito da kansa. Na kusa bin maganarta. Baba ne ya ɗauki yarinyar ya fita titi ba takalmi, ya tsayar da mota.

Nas ɗin da ta karɓe mu, da jin kalmar batir sai ta ajiye takardar hannunta. Ta ce ba a jira, ba a sa yaro amai, domin in ya maƙale ƙona wurin yake yi tun daga ciki, kuma cikin sa'o'i kaɗan. Aka ɗauki hoto. Ga shi nan a maƙogwaronta, fari, zagaye. Suka sa ta barci suka shige da ita. Na ga ƙafarta ɗaya tana lilo a gefen gado, da safar da na sa mata da safe.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. A gaban mutane, a barandar asibiti, na ɗaga wa Baba murya. Na ce ya fifita agogon mutane a kan jikarsa. Na ce in wani abu ya same ta, shi ne. Na faɗi wasu ma da hannuna ba zai iya rubutawa ba. Ya koma can ƙarshen benci ya zauna, ƙafafunsa duk ƙura.

Likita ya fito yanzu. Sun zura siririn bututu mai fitila ta bakinta sun ciro shi. Ya ce ya ƙona wurin, amma bai huda ba tukuna. Kalmar nan tukuna ita ta tsaya min a rai. Kwana biyar za su sa mata ido, ba ci ba sha ta baki, sai ƙarin ruwa. Ya miƙo min batirin a ƴar kwalba, ya yi baƙi. Baba ya nemi ya gani. Ya ɗaga kwalbar wajen haske, ya daɗe yana juya ta, sannan ya mai do min.

Na san ba za su bar ka ka taho ba sai an gama zubin siminti. Ka yi mata addu'a. Tsoro nake ji ƙwarai.

Maman Kumatu

Asabar

Baban Kumatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya jikin naka? Saƙonka ya iso, da magana da kuma takardu biyu, tawa da ta Baba.

An sallame mu ranar Laraba. Wurin bai hude ba. Tana shan madara da abu mai ruwa-ruwa, muryarta a dushe, kumatun da muka sa mata suna da su duk sun zube. Za mu koma bayan sati biyu a sake dubawa.

Yanzu ka karanta sauran a tsanake, don ni ma da ƙyar nake rubutawa.

Takardar da ka rubuto wa Baba na ba shi. Ban buɗe ba, amma na san abin da ke ciki, tunda ni na ba ka labari. Ya karanta a tsaye, ya ninke ya sa aljihu, ya ce ka yi gaskiya. Washegari ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya kira mai kura aka ɗora teburin, ya koma gidan Yaya, babban ɗansa. Ban hana shi ba. A raina har sauƙi na ji.

Jiya na ga yadda yarinyar ta rame, na ce bari in auna ta. Na jawo sikelin da ke ƙarƙashin gadonmu, wanda nake hawa da ita in cire nauyina. Ya ƙi kamawa. Na juya shi. Murfin batirinsa ya daɗe da karyewa, ni ce na manne shi da salatif tun kafin ta fara rarrafe. Salatif ɗin a ɗaye, ramin ba komai. Na ɗauko kwalbar asibiti na gwada. Ya zauna daram.

Ranar da na rarrafe gidan nan na ga sikelin da idona, na ma tura shi ciki da hannuna. Ban kawo komai a raina ba, saboda nawa ne. Hankalina duk yana kan tebur.

Na goya ta na tafi gidan Yaya. Na sami Baba a zaune a baranda, hannuwansa a kan gwiwa, teburin an kife shi a bayan gida. Na durƙusa na faɗa masa, ashe ya sani. Ya ce tun da ya ɗaga kwalbar ya gane, domin batirin agogo ƙarami ne kamar ƙwayar magani, wannan kuwa faɗinsa ya kai maɓallin kwat, bai taɓa ajiye irinsa ba. Nasa na bakwai ɗin a aljihun rigarsa ya same shi tun muna asibiti. Na tambaye shi me ya sa ya yi shiru. Ya ce ya dube ni a barandar asibiti, ya ga ba zan iya ɗaukar wannan in kuma yi jinya ba, shi kuwa ba abin da yake yi.

Na roƙe shi ya dawo. Na ce kafinta zai yi wa teburin akwati mai makulli da shinge. Ya ce a yi, abu ne mai kyau, amma shi ba zai tako ba, domin mai gidan ya rubuta masa da hannunsa cewa kada ya sake kusantar yarinyar, kuma ba zai tsallake maganar mai gida ba. Kumatu tana bayana tana miƙa masa hannu. Ya riƙe hannuwansa a kan gwiwa bai karɓe ta ba.

Ban san abin da za ka ce da ni ba, kuma duk abin da ka ce na cancanta. Amma kafin ka rubuto min, ka rubuto masa. Direban zai dawo ranar Talata. Zan tsaya a bakin titi in karɓa, daga nan in wuce gidan Yaya.

Ka yafe min. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maman Kumatu