Darnin Gidanka Ya Kwanta

Daga Gure, ranar Laraba cikin watan Safar. Jiki dai sai godiya, tarin nan bai sake ni ba, masallaci ma sai da sanda.

Zuwa ga ƙanena Malam Bukar. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kano?

Unguwarmu ta bayan gari, wadda mahaifinmu ya sare ƙayarta ya kafa, ta cika da baƙi tun shekarar fara. Ka san al'ada, gidan da damina ta tarar da darninsa a ƙasa kango ne, mai unguwa sai ya ba wani. To naka ya kwanta. Na jawo kara zan ɗaure, numfashi ya ƙi. Wani mutumin Kelle har ya zo yana auna filin da ƙafa. Mai unguwa ya ce, "Baba, don furfurarka zan jira, amma ba zan wuce ruwan fari ba."

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Falmata da yara.

Yayanka, Abba.

Ɗanka Musa da ka ce zai biyo fatake ya gyara, na shimfiɗa masa tabarma. Fatake sun sauka, sun tashi, bai zo ba.