Yaya Modu, wa ya taɓa kwantenarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Falmata, da fatan wannan ta same ka a duk inda Allah ya ajiye ka.

Tun ranar da motarku ta bi hanyar Damboa ba ta isa ba, ba mu ji labarinka ba. Kawu ya ce a yi sadaka, Inna ta hana. Har yau tana wanke hularka.

Manhajar da ka rubuta wa asibitin nan na Gomari, mai kiran masu ba da jini, tana nan tana aiki. Na tuna ranar da ka zaunar da ni a shagonka kana koya mini naɗe ta cikin kwantena, ita da duk abin da take buƙata, don ta tashi a kowace kwamfuta. Ka ce, "Abin da ka rufe a ciki, haka za ka same shi." Matsala ɗaya ka bari: ba ta tura saƙo ga lambar wayar da aka rubuta da tazara a tsakani. Ka ce sai ka dawo.

Makon jiya asibitin suka sayi sabuwar kwamfuta, suka kira ni. Da azahar na zauna a ofishin nas, na shiga rumbunka na intanet don in sauko da kwantenar. Sai na tarar da biyu. Ta biyun watan jiya aka ɗora ta, bayan ɓacewarka, da sunanka.

Yaya, ni da kai kaɗai muka san lambar sirrin.

Na sauke ta, na tayar. Na saka lambar wayata da tazara. Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na bi layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya, gyaran nan ne kawai, kuma irin rubutunka ne, har da yadda kake gajarta sunaye. Babu wata kalma da aka bar mini.

Ban faɗa wa Inna ba. Ban san me zan ce mata ba.

Na naɗa ta uku, na ƙara layi ɗaya: duk wanda ya tayar da ita zai ga gaisuwar yarenmu, "Wushe, Yaya. Muna gida." Na ɗora ta a rumbun. Jiya na duba, an sauke ta. Ba asibitin ba ne, na tambaye su.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya yi maka rahama in ka riga mu. In kai ne, ka sake taɓawa.

Ƙanwarka,
Falmata