Jinin Gwaggo Hajara

Daren Laraba, Ƙofar Dundaye

Gwaggo Hajara ta zo yau, amma wurin Baba, don shi ne malami. Ta daɗe da barin al'ada, sai ga jini ya dawo mata. Damuwarta ɗaya: ya matsayin sallarta? Inna ta kai tambayar zaure, ta dawo da amsa: ba haila ba ce, ta yi alwala ta ci gaba da salla. Gwaggo har da hamdala.

Ni kuwa shekara da shekaru ina binciken sankarar mahaifa. Na san wannan jinin. Turawa sun buga aikina, gwamnan soja ya yaba mini a rediyo, amma maganata ta kasa ƙetare tsakar gidanmu. Da wane baki zan yi wa Baba wannan zancen?

Na bi Gwaggo har ƙofa, na roƙe ta ta zo asibiti in duba ta. Ta ja mayafi ta ce, "Haba ɗiyata! Ni da niy yi miki wankan jarirai, ke za ki buɗe ni? Malam ya ce ba komi."

Baba bai ce "ba komi" ba. Salla kawai ya halatta mata. Duk gidan nan ni kaɗai na ji bambancin.