Kogin Melchor Barragán

Yayana Lope,

Gaisuwa mai yawa daga gaɓar Florida, da fatan kana lafiya, kai da taswirorinka a Havana.

Ka san ba wanda ya ɗaga ni. Da shafa kwalta a gindin jirgi na fara, na koya wa kaina karanta taurari, yau ni ke tuƙa jirgin Gwamna. Ni na gano kogin nan. Ni na cinna wa ƙauyen farko wuta da suka hana mu masara, wanda ya fito da gudu muka sakar masa karnuka.

Sun soke Nuño mai ganga da kibiya a wuya. Mutanen nan sun ɗauka ba ma mutuwa, don haka na hana a haƙa kabari. Fada, limamin jirginmu, ya ce, "Melchor, Kirista ne fa, ba mushen jaki ba." Na ce, "Fada, yi addu'arka a zuci, in ba so kake mu bi shi ba." Muka cika bargonsa da yashi, muka ɗinke, muka sake shi a tsakiyar ruwa.

Ga zanen kogin, ka shigar a taswira da sunana.

Ƙanenka, Melchor

Melchor,

Na gaishe ka. Gwamna ya ce sunan waliyyi za a sa, ba na matuƙi ba, kuma ni ɗan aiki ne. Matar Nuño kullum tana shagona, wai in nuna mata kabarinsa a takarda. Ruwa zan nuna mata? Ka bar girman kan nan ka dawo gida.

Allah ya tsare ka.
Lope

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice.

Ɗinkin ya saki. Gawar Nuño ta taso a mashayar mutanen nan, suka kawo mana kansa a tsinin mashi, suka far mana da tsakar rana. Sun kashe fiye da rabinmu. Na sare uku kafin kibiya ta shige cikina, ta ƙi fita.

Ni ma ruwa za a sa ni, kada su tone ni su yi wasa da kaina. Ina jin Pascual mai ɗinkin filafilan jirgi yana ɗibar yashi. Na ce masa, "Ɗan banza, ka riɓa ɗinki wannan karon." Ya ce, "Maigida, da igiyar jirgi zan yi, kai dai ka gama tukuna."

Ba gicciye, ba dutse. Alƙalamin a hannunka yake, ba a na Gwamna ba. Ka rubuta sunana cikakke, daga bakin kogin har inda tawada ta ƙare: Melchor Barragán.

Ka huta lafiya.